Tsakanin aji da filin ƙanƙara: nazarin shekarun Nathan Chen a Jami'ar Yale

A ƙarshen watan Agusta na shekarar 2018 wani matashi ɗan shekara 19 mai suna Nathan Chen ya shiga ajin farko a Jami'ar Yale da ke garin New Haven a gabashin Amurka, alhali wata biyar kacal da suka wuce ya zama zakaran duniya a wasan zamiyar gwaninta a kan ƙanƙara. Mai horar da shi yana can Kalifoniya, a ɗaya ƙarshen ƙasar, kuma bai biyo shi ba. Da yawa daga cikin masu bin wannan wasa sun ɗauka cewa yaron ya yi wa kansa sagegeduwa, domin ba a saba ganin wanda ke kan ganiyarsa ya bar sansanin horo ya koma zaman aji ba. Shekara uku da rabi bayan haka ya ci lambar zinare a gasar Olamfik ta hunturu a Beijin, sannan a watan Mayu na 2024 ya karɓi digirinsa a fannin ƙididdiga da nazarin bayanai.

Ni malamin motsa jiki ne a wata makarantar sakandare a nan Maradi, kuma gardamar wasa da karatu ita ce gardamar da na fi sha da iyaye. Labarin Chen yakan zo mana a taƙaice, a ce ga wanda ya haɗa jami'a da zinare a lokaci guda, saboda haka duk yaron da ya kasa to ragwancinsa ne. Wannan taƙaitawar tana ɓoye abin da ya fi amfani a cikin lamarin. Idan aka bi shekarun ɗaya bayan ɗaya za a ga cewa haɗawar ta yi aiki na shekara biyu ne bisa wasu sharuɗɗa, daga nan sai ya ajiye ɗaya ya riƙi ɗaya, kuma makarantar ta bar masa ƙofa a buɗe har ya dawo.

Yadda wasan yake

Nijar ba ta taɓa shiga gasar Olamfik ta hunturu ba, kuma ƙanƙarar da muka sani ita ce wadda ake saye a leda lokacin azumi ko wadda takan faɗo da ruwan farkon damina, don haka dole a fara da bayanin wasan kansa. Ana yin sa ne a fili mai rufi wanda aka daskarar da ruwa a daɓensa, tsawonsa mita 60, faɗinsa mita 30 a ma'aunin Olamfik. Ɗan wasa yana sanye da takalmi mai tauri wanda aka ɗaura wa ƙarfe a ƙasa, kaurin ƙarfen kimanin milimita huɗu ne, kuma a kan wannan siririn ƙarfe yake gudu, yake juyi, yake tsalle, yana bin kiɗan da ya zaɓa. Gasar maza zagaye biyu ce: gajere na minti biyu da daƙiƙa arba'in, mai tsalle uku, da dogo wanda a 2018 aka mayar da shi minti huɗu mai tsalle bakwai. Ana haɗa makin biyun a fitar da zakara.

Abin da ya fi kawo maki shi ne tsalle mai juyi huɗu. Mutum zai taso da gudu, galibi da baya, ya daki ƙanƙara ya tashi, ya matse hannuwansa a ƙirji domin juyin ya yi sauri, ya kewaya sau huɗu a sama cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, sannan ya dira a kan ƙafa ɗaya yana ci gaba da zamiya da baya ba tare da hannunsa ya taɓa ƙasa ba. Tsallen iri shida ne, kowanne da gefen ƙarfen da ake tashi a kansa, kuma wanda ake kira Axel shi ne kaɗai ake tashinsa ana fuskantar gaba, shi ya sa yake da ƙarin rabin juyi.

Tun bayan rikicin alƙalancin da ya auku a gasar Olamfik ta 2002 a Salt Lake City, hukumar wasan ta duniya, ISU, ta watsar da tsohon tsarin maki shida, ta kawo wanda kowane motsi yake da farashinsa a rubuce. A ma'aunin da aka fara aiki da shi a 2018, tsallen Lutz mai juyi uku maki 5.90 ne, mai juyi huɗu kuwa 11.50. Alƙalai tara suna ƙara wa wannan farashi ko su rage shi gwargwadon kyan aikin, daga mataki biyar ƙasa zuwa mataki biyar sama, kowane mataki kashi goma cikin ɗari. Wanda ya faɗi ya rasa rabin farashin tsallen, a kuma cire masa maki ɗaya daga jimla. Ma'anar wannan ita ce jiki yana bukatar maimaita tsallen kullum a kan ƙanƙara ta gaske, domin ba abu ne da za a yi atisayensa a tsakar gida ko a ɗakin kwana ba. Duk wanda ya yi nisa da fili ya yi nisa da wasan.

Kafin jami'a

An haifi Chen ranar 5 ga Mayu 1999 a Salt Lake City, shi ne auta cikin 'ya'ya biyar, iyayensa kuma 'yan ƙasar Sin ne da suka yi ƙaura zuwa Amurka. Ya fara hawa ƙanƙara yana shekara uku, a garin da gasar 2002 ta bar wa filaye masu kyau. Ya yi rawar bale da wasan alkafura yana yaro, ya ci gasar ƙasa ta rukunin ƙanana yana ɗan shekara goma. Yana kimanin shekara goma sha biyu ya koma hannun Rafael Arutyunyan, mai horarwa ɗan asalin Armeniya da ke aiki a kudancin Kalifoniya. Gidansu ba gidan dukiya ba ne, kuma shi da bakinsa ya sha faɗin yadda mahaifiyarsa take tuƙa mota ta kai shi daga Utah zuwa Kalifoniya, wani lokaci su kwana a cikin motar. Ƙarshen karatunsa na sakandare ta intanet ya yi shi.

A watan Janairu na 2016 ya ji rauni a ƙugu wanda sai da aka yi masa tiyata, ya shafe watanni bai hau ƙanƙara ba. Ina ganin wannan rauni yana da muhimmanci ga abin da ya biyo baya, domin yaro ɗan shekara 16 ya gani da idonsa cewa sana'ar da ya ba rayuwarsa tana iya tsayawa a dira guda. Da ya warke, a Janairu 2017 ya ci gasar ƙasa ta manya da tsalle biyar masu juyi huɗu a dogon zagaye, abin da babu wanda ya riga shi yi. Daga nan jaridu da kamfanonin talla suka ɗora masa zinaren Olamfik tun kafin a buga.

Kwana biyu a Koriya

A gasar PyeongChang ta Koriya ta Kudu, ranar 16 ga Fabrairu 2018, Chen ya shiga gajeren zagaye yana ɗan shekara 18. Ya faɗi a tsallen farko, ya yi tangaɗi a na biyu, ya dafa ƙanƙara da hannu a na uku. Tsalle uku ne a zagayen, kuma babu ko ɗaya da ya fita lafiya. Aka ba shi maki 82.27, ya zama na 17. 

Washegari, da yake ba shi da sauran abin da zai rasa, ya jera tsalle shida masu juyi huɗu a dogon zagaye, biyar suka fita tsaf. Ya sami 215.08, wato ya fi kowa a wannan zagaye har da Yuzuru Hanyu na Japan wanda ya ɗauki zinaren, amma ramin da ya faɗa jiya ya yi zurfi, sai ya ƙare a na biyar. Bayan wata guda ya ci gasar duniya a Milan ta Italiya.

Waɗannan kwana biyu su ne asalin lamarin. Ƙafafun da suka kasa ranar Juma'a su ne suka yi abin mamaki ranar Asabar, horon kuma bai canja ba cikin dare ɗaya. Abin da ya canja shi ne nauyin da ke kansa. Chen ya sha bayyana daga baya cewa ya je Koriya ne ba ya ganin komai a duniya sai zinare, kuma wannan ne ya daskarar da shi. Duk malamin wasa ya san irin wannan yaro, wanda a atisaye ba a kama shi, amma ranar da mahaifinsa ya zo kallo sai ƙafarsa ta yi nauyi.

Yadda aka tsara zaman Yale

Yale tsohuwar jami'a ce da aka kafa a 1701, kuma ba ta da ƙungiyar wannan wasa a cikin manyan wasannin da jami'o'in Amurka suke gasa a kansu. Saboda haka Chen ya shiga ne a matsayin ɗalibi kamar kowa, da aji da aikin gida da jarrabawa. Tsakanin New Haven da sansanin Arutyunyan kusan kilomita dubu huɗu ne, wato kamar ninki shida na hanyar Maradi zuwa Yamai, ga kuma bambancin awa uku a agogo. Shi kansa mai horarwar bai ɓoye shakkarsa a kan wannan tsari ba.

Abubuwa uku ne suka riƙe tsarin, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya dogara ga ƙwazon yaron shi kaɗai. Na farko shi ne fili. Jami'ar tana da filin ƙanƙara a cikin harabarta, Ingalls, inda 'yan wasan hoki suke bugawa, kuma an ware masa lokaci a ciki. Yakan fito daga aji da safe, ya shiga filin shi kaɗai, sannan ya ɗauki mota zuwa wani filin a garin Cromwell domin ƙarin atisaye. Yana ɗaukar tsallensa a bidiyo ya aika Kalifoniya, ko su yi magana ta waya suna ganin juna.

Na biyu shi ne kalanda, kuma a nan ne nake ganin hikimar ta fi fitowa. Manyan gasannin kaka ana rarraba su ne a ƙasashe shida, kowane babban ɗan wasa ya buga biyu. A 2018 Chen ya buga ta Amurka a watan Oktoba lokacin gajeren hutun jami'a, ya buga ta Faransa a garin Grenoble a ƙarshen Nuwamba lokacin wani hutun, gasar duniya ta Maris 2019 kuma ta faɗo cikin hutun bazara. Ba a ce wa malaman jami'a su ɗaga jarrabawa saboda zakara ba, gasannin ne aka zaɓa su shiga gurbin da karatu ya bari. Inda suka yi karo, kamar gasar ƙarshen kaka ta Disamba da ke zuwa dab da jarrabawar zango, sai ya tafi da littattafansa.

Na uku shi ne wanda aka fi mantawa da shi. Chen ya iya horar da kansa ne saboda ya riga ya yi kimanin shekara bakwai a hannun mutum ɗaya wanda ya gina masa tsallen tun daga tushe, har ya kai ga yana jin kuskurensa a jikinsa kafin a gaya masa. Yaro ɗan shekara goma sha uku da aka raba da mai horar da shi ba zai iya wannan ba, domin bai san abin da zai gyara ba. 'Yancin da Chen ya samu a New Haven 'ya'yan doguwar biyayya ne da ya yi a Kalifoniya.

Akwai kuma sa'a a ciki, wadda bai kamata a ɓoye ba. A daidai shekarar da ya shiga jami'a ne ISU ta sauya dokoki, ta rage tsawon dogon zagaye daga minti huɗu da rabi zuwa huɗu, ta rage tsalle daga takwas zuwa bakwai, ta faɗaɗa ladan tsalle mai kyau da hukuncin mummuna. Sabuwar dokar ta fi saka wa mai yin kaɗan da kyau a kan mai yin da yawa da tangaɗi, kuma wannan ya dace da mutumin da lokacin atisayensa ya ragu. Farkon kakar bai yi masa daɗi ba, domin a wata gasar ƙungiya a Japan a watan Oktoba 2018 ya yi ta faɗuwa. Sai ya rage lodi. A gasar duniya ta Saitama a Maris 2019 tsalle huɗu ya yi masu juyi huɗu maimakon shidan Koriya, dukkansu tsaf, ya tara 323.42, ya doke Hanyu a gaban 'yan ƙasarsa. A Disamba 2019 a Turin ya kai 335.30, jimlar da ta zama mafi girma a sabon ma'auni. Duk wannan yana ɗalibi mai zuwa aji.

A ra'ayina karatun bai rage masa wasa ba a waɗannan shekaru biyu, maganin ciwon Koriya ya zama. Mutumin da ya faɗi a atisaye da rana, amma da yamma yana da aikin lissafi da zai miƙa da abokan ɗaki waɗanda ba ruwansu da Lutz, ba zai kwana yana juya faɗuwar a ransa ba.

Inda aka ajiye ɗaya

A watan Maris na 2020 annobar korona ta rufe jami'o'i, aka soke gasar duniya da za a yi a Montreal, Chen ya koma Kalifoniya. Da ya kammala shekara ta biyu sai ya nemi izinin dakatar da karatu, ya zauna a sansanin Arutyunyan a Irvine har zuwa Olamfik. Wannan shi ne ɓangaren da masu ba da labarin a taƙaice suke tsallakewa. Shekara biyu cur bai zauna a ajin Yale ba. Mutumin da ya nuna cewa ana iya cin gasar duniya daga ɗakin ɗalibai shi ne kuma ya yanke cewa Olamfik tana bukatar mai horarwa a bakin fili kowace rana.

Ya ci gasar duniya karo na uku a Stockholm a 2021. A Oktoba na wannan shekara ya zo na uku a gasar Amurka ta kaka, karon farko da aka doke shi a gasar ɗaiɗaiku tun bayan Koriya. Ranar 8 ga Fabrairu 2022 a Beijin, garin da mahaifiyarsa ta fito, ya sami 113.97 a gajeren zagaye, makin da babu wanda ya taɓa kaiwa a lokacin, a zagayen da ya kayar da shi shekara huɗu baya. Ranar 10 ga wata ya yi tsalle biyar masu juyi huɗu, ya ƙare da 332.60, Yuma Kagiyama da Shoma Uno na Japan suka biyo shi. A gasar ƙungiya Amurka ta zo ta biyu a fili, amma bayan hukuncin da aka yanke wa Kamila Valieva ta Rasha a kan haramtaccen magani a Janairu 2024, zinaren ya koma hannun Amurkawa, aka ba su shi a Paris a watan Agusta na 2024.

Da kaka ta 2022 ya koma Yale, wannan karon wasan ne ya ajiye, bai sake shiga gasa ba. Ya yi aikin bincike a sashen likitancin jami'ar, ya kammala a 2024, daga nan ya shiga shirin share fagen karatun likita. Digirin shekara huɗu ya ɗauke shi shekara shida: biyu a haɗe, biyu wasa zalla, biyu karatu zalla.

Domin a ga cewa ba kowa tsarin yake yi wa aiki ba, ya isa a dubi Vincent Zhou, ɗan ƙasarsu kuma tsaransa, wanda ya ci tagulla a gasar duniya ta 2019. Zhou ya shiga Jami'ar Brown a kakar 2019, amma bai sami lokacin fili yadda yake bukata kusa da makaranta ba, har ya janye daga gasannin kaka na wannan shekara, kuma bayan zango ɗaya ya dakatar da karatun ya koma horo. Ba a ce Zhou ya fi Chen ragwanci ba, fili ne bai samu ba. A tarihin wasan akwai waɗanda suka riga su, kamar Tenley Albright da ta ci zinare a 1956 ta zama likitar tiyata, da Debi Thomas da ta ci gasar duniya a 1986 tana ɗaliba a Stanford. Sai dai a zamaninsu ba a kai ga yawan tsallen da ake nema yanzu ba.

Abin da ya shafe mu a Maradi

Ba mu da filin ƙanƙara, amma muna da 'yan wasa. Garin da filin kokowarsa yake ɗauke da sunan Yacouba Ango Kantou, wanda ya ɗauki takobin farko na gasar kokowa ta ƙasa a 1975, ba baƙon wasa ba ne. Kowace shekara jihohi takwas suna kawo 'yan kokowa goma-goma a gasar takobi, Ɗan Kasawa da Jangorzo sun fitar da sunan garin a ƙwallon ƙafa, kuma tun da Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ciyo azurfa a Rio a 2016 yara suka ƙara son tekwando. Muna kuma da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo a cikin gari. Abin da ba mu saba da shi ba shi ne a zaunar da kalandar wasa da ta makaranta a kan tebur ɗaya. Yaro yakan ɓace daga aji mako guda saboda tafiyar wasa, ba takarda, ba sanarwa, ya dawo ya tarar an yi jarrabawa an ba shi sifiri. Sau biyu ko uku haka, sai a kore shi ko ya kori kansa. Idan gwiwa ta tashi yana ɗan shekara ashirin, ba ƙwallo, ba takardar BEPC ta kammala matakin farko na sakandare.

A farkon wannan shekarar karatu wani ɗan kasuwa ya same ni a kan ɗansa, wanda yake ajin da ke kafin na bak, wato jarrabawar kammala sakandare, kuma yana buga wa wata ƙungiyar matasa. Ya zo da takardar sakamakon yaron a naɗe a aljihun riga, ya warware ta a kan benci, ya ɗora yatsa a kan makin lissafi.

"Malam, taura biyu ba ta taunuwa," in ji shi. "Ku gaya masa ya zaɓi ɗaya, ni na gaji."

Na ce, "Alhaji, gaskiyarku ne, sai dai bana da baɗi ba ɗaya ba ne. Bana yana da sarari, baɗi bak ce. Ku bar shi ya buga bana da sharaɗi, baɗi kuma ya ajiye takalmin har a gama jarrabawa."

Yaron yana tsaye a gefe, hannuwansa a baya. Ya ce, "Baba, in na ajiye shekara guda za su ba wani wurina."

Tsoron yaron gaskiya ne, kuma a nan ne lamarin Chen ya rabu da namu. Chen ya ajiye Yale yana da tabbacin cewa sunansa yana nan a rajista, ya ajiye wasa yana da zinare a hannu. Namu yaron idan ya ajiye ƙungiya ba a rubuta masa komai ba, idan kuma ya ajiye makaranta shekarunsa suna iya wuce ƙa'idar aji. Ba zan ce wa uba irin wannan ya yi koyi da Amurka ba, domin shi ne zai ciyar da yaron idan abin ya watse, kuma cikin dubban yaran da ke buga ƙwallo a filayen unguwa kaɗan ne ƙwarai za su ci abinci da ita. Haka ma a can, Chen ɗaya ne cikin dubbai, kuma waɗanda suka kashe ƙuruciyarsu a kan ƙanƙara ba su kai ko'ina ba, ba a rubuta labarinsu.

Amma daga cikin abubuwan da suka riƙe tsarinsa, biyu ba sa bukatar kuɗi. Ɗaya shi ne a san ranakun wasa tun farkon zango, a zaɓi waɗanda ba su hau kan jarrabawa ba, a haƙura da sauran. Ɗaya kuma shi ne izini a rubuce, wanda ya faɗi ranar tafiya da ranar dawowa da abin da za a rama. Na uku, wato mai horarwa da zai riƙe yaro shekaru har ya san jikinsa, ya fi wuya a wurinmu, domin yaranmu suna sauya ƙungiya da mai horarwa kusan kowace kaka.

Abin da muka yi a kan wannan yaro shi ne muka zauna da mahaifinsa da shugaban makaranta muka rubuta takarda. Zai buga wasannin cikin gari da waɗanda suka faɗo a hutu. Tafiyar da za ta ci ranar aji sai da sa hannun uba da na makaranta mako guda kafin ta, kuma ba tafiya a makon jarrabawar zango. Idan matsakaicin makinsa ya sauka ƙasa da goma cikin ashirin, wasa ya tsaya har zango na gaba. Daga watan Oktoba mai zuwa kuma ba gasa sai atisayen ƙarshen mako har a rubuta bak. Na kai wa mai horar da ƙungiyar kwafi, na roƙe shi abu biyu: ya ba mu jerin ranakun wasanninsu, kuma ya rubuta cewa yaron zai sami damar gwaji idan ya dawo bayan jarrabawa. Ya yarda da na biyu nan take, ya sa hannu. Jerin ranakun kuwa ya ce shi ma sai ana saura kwana kaɗan ake sanar da shi, don haka muka bar wannan layi a buɗe, da sharaɗin zai kira mahaifin yaron a ranar da ya ji.